Tsakanin Zuwa Biyu: Tauraruwa Mai Wutsiya, Kyamarar Kan Dutse da Zangon Lome

A farkon watan Mayu na shekarar 1910, duk wanda ya fito alwalar asuba a Zangon Lome, in dai gajimare ya yi masa rangwame, zai tarar da baƙuwa a gabas. Gamzaki na nan inda aka saba ganinsa, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Kusa da shi ga wata tauraruwa mai kai kamar sawun auduga, ta miƙe wutsiya sama, kowace asuba wutsiyar ƙara tsawo take yi. Alƙiblar Lome gabas ce da ta ɗan karkata arewa, saboda haka masu sallah a fili kusan fuskantar ta suke yi. Kafin ranar 19 ga watan, cikin Jimada Awwal na shekarar 1328 ta Hijira, tsawon wutsiyar ya zarce digiri 100, alhali daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar ka digiri 90 ne kacal. Turawa suna kiran ta da sunan masaninsu Edmond Halley. Bahaushe bai raɗa mata suna na musamman ba. Ya dai sanya ta cikin jinsinta, ya ce tauraruwa mai wutsiya, ya bi ta da kirarin da ya gada: ganinki ba alheri ba.

Baƙuwar ta sake dawowa a 1986, bayan shekara 76. A tsakanin zuwan nan biyu an yi manyan sauye-sauye guda biyu. Unguwar da ta leƙa a 1910 ta tashi daga inda take. Shi ma duban sama ya tashi daga inda yake: ya bar tsakar gida ya hau kan dutse, ya bar ƙwayar ido ya koma cikin kyamara. Tarihin ɗaukar hoton taurari yawanci daga Turai da Amurka ake ba da shi. In an tsaya a Lome aka ba da shi, ana ganin abin da kyamara ta ƙara wa ɗan Adam, ana kuma ganin wanda aka bari a gindin dutsen.

Zango da samansa

Kalmar zango a asali wurin da ayari ke sauka ya kwana ce, sannan tana nufin tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. A ƙasashen Gana da Togo da Benin lafazin ya koma zongo, ma'anar kuma ta faɗaɗa ta zama unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa, wadda Hausa ce harshen cinikinta. Lome ta fara zama kasuwa wajen shekarar 1880, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa sauke kaya a can don kauce wa kuɗin fito na Ingilishi, fataken Hausawa masu gangarowa daga Salaga kuwa suna cikin waɗanda suka riski garin tun yana ƙarami. A watan Yuli na 1884 Gustav Nachtigal, wanda ya taɓa zama a Barno, ya sanya gaɓar tekun a ƙarƙashin Jamus, a 1897 kuma Lome ta zama babban birnin mulkinsu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa fatake, wasu suka yi Kete-Krachi, wasu suka yi kudu. A Kete-Krachi ne Imam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, a nan ne kuma jami'in Jamus Adam Mischlich ya yi ta ɗibar ilmin Hausa a wurinsa. Ƙamus ɗin Mischlich ya fito a 1906.

Mutanen da suka gangaro da goro da shanu da tufafi sun gangaro da ilmin sama iri biyu. Akwai na kowa da kowa: Gamzaki mai tashin matafiyi, Zara matar wata, Kaza da 'ya'yanta wadda Larabawa ke kira Surayya. Akwai kuma na malamai, wato lissafin manzilolin wata guda 28, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha. Kowace manzila tana da kwana 13, in ban da Jabaha mai 14, jimilla 365. Da wannan lissafi ne manomi ke sanin inda damina ta kai, ko da watan Musulunci ya kewaya ya bar ta. An tsara shi cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hardacewa, Mervyn Hiskett kuma ya yi nazarinsu a wata maƙala ta 1967. Ilmin ba na jiya ba ne. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan taurari da hisabi. A Tambutu an sami rubutun gefen littafi da ke bayyana wani dare na watan Rajab, shekarar 991 ta Hijira, wato 1583, da taurari suka yi ta zuba har mutane suka firgita.

Malamai sun bambanta duban taurari don sanin lokaci da alƙibla daga dubansu don sanin gaibu. Na farko sun koyar da shi, na biyu sun yi hani da shi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi yana gargaɗi a kan masu duba. Hujjarsu sananniya ce: ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, Manzo kuma ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk da haka tauraruwa mai wutsiya ta gagari lissafin manziloli. Ba ta da gida a cikin 28 ɗin nan, ba ta da ranar fitowa. Abin da ba shi da lokaci kuwa, zuciya takan nema masa dalili a ƙasa: mutuwar sarki, yunwa, yaƙi.

Tauraruwar 1882

A watan Satumba na 1882 wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, haskenta ya kai ana ganin ta da rana tsaka kusa da rana. Lokacin da ta zo ya ƙara mata kwarjini a ƙasashen Musulmi, domin ƙarni na 13 na Hijira yana gab da cika: ɗaya ga Muharram 1300 ta faɗo ne a ranar 12 ga Nuwamba, 1882. A Sudan, Muhammadu Ahmad ya riga ya yi da'awar Mahadi tun 1881, a lokacin kuma yana kewaye da garin El Obeid, wanda ya faɗa hannunsa a Janairun 1883. Mutanen can suka kira ta tauraruwar Mahadi. A daular Sakkwato ma, inda aka daɗe ana jiran alamomin ƙarshen zamani, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin ba da daɗewa ba.

A cikin makonnin nan, a can ƙurewar kudancin Afirka, David Gill, shugaban gidan duban taurari na Cape, ya yi wani abu daban da tauraruwar. Ya nemi wani mai hoto na gari, suka ɗaure kyamarar ɗaukar hoton mutane a jikin madubin hangen nesa mai bin tafiyar sama, suka bar idonta a buɗe fiye da awa guda. Ba shi ne ya fara ba. Tun 1858 wani mai hoto a Ingila, William Usherwood, ya ɗauki hoton tauraruwa mai wutsiya ta Donati, ko da yake hoton bai tsira ba. Abin da ya bambanta na Gill shi ne bayan hoton. Da aka wanke allon gilashin sai ga tauraruwar rangaɗau, bayanta kuma ga taurari birjik, dubbai, kowace a gurbinta. Nan take Gill ya gane cewa aikin da masana ke kwashe shekaru suna yi da ido, suna auna tauraro ɗaya bayan ɗaya, kyamara za ta iya yin sa a dare ɗaya. Daga nan ne aka fara aikin da ya haifar da kundin taurari fiye da 450,000 na samaniyar kudu, wanda ya fito tsakanin 1896 da 1900. A 1887 kuma masana suka taru a Paris suka raba sararin sama tsakanin gidajen duban taurari don a ɗauke shi duka a hoto. Biyu daga cikinsu a Afirka suke: na Cape da na Aljas.

Kuskure ne a ɗauka cewa masu cewa alama ce jahilai ne, mai kyamara shi ne mai hankali. Dukansu sun duba da kyau. Bambancin shi ne, abin da ido ya gani yana tafiya da mai idon, sai abin da ya faɗa ko ya rubuta. Abin da gilashi ya gani kuwa ana ajiye shi a akwati, a fito da shi bayan shekara ɗari a sa ma'auni a kansa.

Dalilin hawa dutse

Ido ba ya tara haske. Abin da ya faɗo masa a ƙiftawa guda shi zai gani, ko da mutum ya kwana yana kallo. Allon hoto kuwa kamar randa yake a ƙarƙashin indararo: ɗigon da bai isa jiƙa hannu ba, in aka bar shi ya kwana sai a tarar da ruwa. Wannan ne sirrin hoton taurari, daga nan ne kuma wahalarsa take. Duniya tana juyawa, taurari suna gusawa yamma digiri 15 a kowace awa, saboda haka kyamarar da aka kafe za ta zana layuka ne maimakon ɗige-ɗige. Dole a ɗora ta a kan abin da injin agogo ke juyawa daidai da tafiyar sama, mai aikin kuma ya zauna cikin sanyi, idonsa a kan tauraro guda, yana gyara duk wata 'yar karkata har tsawon sa'o'i.

Matsala ta biyu iska ce. Ƙyalƙyalin da ake yaba wa taurari ba nasu ba ne, rawar iska ce mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya, kamar yadda kwalta ke rawa a idon matafiyi cikin bazara. Ga mai waƙa abin sha'awa ne, ga mai hoto kuwa ɓarna ce, domin tana dama ɗigon tauraro ya zama tabo. Ƙura da raɓa da gajimare duk a ƙasa-ƙasa suka fi yawa. Isaac Newton ya riga ya ba da shawarar a kai madubi ƙololuwar duwatsu, amma sai a 1856 Charles Piazzi Smyth, wanda ya yi shekara goma yana aiki a Cape, ya gwada. Ya loda kayansa a kan alfadarai ya hau duwatsun tsibirin Tenerife, daura da gaɓar Maroko, har ya wuce mita 3,000. Ya sauko da shaidar cewa madubin da bai taka kara ya karya ba a ƙasa yana ganin abin mamaki a can sama. A 1888 aka buɗe gidan duban taurari na Lick a kan Dutsen Hamilton na Kalifoniya, inda masana suka tare dindindin. A can ne, ranar 12 ga Oktoba, 1892, Edward Barnard ya zama mutum na farko da ya gano sabuwar tauraruwa mai wutsiya a jikin hoto, ba da ido ba.

Baƙuwar da aka san ranar zuwanta

Tun 1705 Halley ya nuna cewa taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce mai kewaya rana, ya kuma ce za ta dawo wajen 1758. Ta dawo, bayan rasuwarsa. A wancan zuwan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara huɗu. A na 1835 ɗansa Bello ne ke kan mulki a Sakkwato. Zuwan 1910 shi ne na farko da ta tarar da kyamara tana jiran ta.

Masana biyu na Greenwich, Cowell da Crommelin, suka lissafa inda za ta ɓullo, kuskurensu bai wuce kwana uku ba. A daren 11 ga Satumba, 1909, Max Wolf ya kama ta a allon hoto daga kan tudun Königstuhl da ke saman birnin Heidelberg, tana ɗan ɗigo da ido ba zai taɓa gani ba, wata bakwai kafin ta kusanci rana a ranar 20 ga Afrilu, 1910. Daga baya aka duba allunan gidan duban taurari na Helwan a kudancin Alƙahira, aka tarar ashe tana jikin hoton da aka ɗauka tun 24 ga Agusta. Ke nan hoton farko na wannan zuwa a ƙasar Afirka aka ɗauke shi. Bafaranshe Jean Mascart ya bi sawun Smyth ya kafa bukka a kan Dutsen Guajara na Tenerife, sama da mita 2,700, ya yi makonni yana ɗaukar ta.

Sanin ranar zuwanta bai kashe tsoro ba, sai ma ya sauya masa riga. Masana suka gano iskar guba a wutsiyarta, aka kuma san duniya za ta ratsa wutsiyar ranar 19 ga Mayu. A biranen Turai da Amurka aka yi ta sayar da ƙwayoyin rigakafin tauraruwa da takunkumin fuska, wasu suka toshe kafofin ƙofofinsu. Iskar wutsiyar ba ta kai ta cutar da ko sauro ba. Wanda zai yi wa Bahaushe dariya don ya ce ganinta ba alheri ba, ya fara tuna masu sayen ƙwayoyin nan.

A wannan shekara Lome ba ƙauye ba ce. Tana da gadar sauke kayan jiragen ruwa tun 1904, da layin dogo zuwa Aneho tun 1905, da wani zuwa Kpalime tun 1907. Tana kuma da masu hoto 'yan ƙasa. Alex Acolatse, wanda aka haifa a 1880 ya rasu a 1975, ya buɗe ɗakin hotonsa a garin wajen 1900, ya shahara da hotunan manyan gari da tituna da katunan gidan waya. Kyamara dai ta iso. Har dutse ma akwai, domin layin Kpalime ta gindin Dutsen Agu yake wucewa. Abin da bai iso ba shi ne madubi da injin agogo da albashin mai zaman jiran tauraro. Daular da tudun Heidelberg da madubin Wolf suke cikinta, abin da ta kafa a Togo shi ne tashar rediyo ta Kamina kusa da Atakpame, don magana da Balin da jiragen ruwanta. Jamusawa da kansu suka rusa tashar a Agustan 1914 kafin su miƙa wuya. Mulkin mallaka ya auna ƙasar Togo taki-taki saboda haraji da auduga da iyaka, samanta kuwa ba ta cikin lissafinsa.

Garken da ke bayan garke

Babban abin da kyamarar kan dutse ta gano ba tauraruwa mai wutsiya ba ce. Akwai wani ɗan tabo a samaniyar arewa, wanda mai ido mai kyau zai gani a dare mai duhu cikin Oktoba da Nuwamba. Daga Lome yakan hau har digiri 55. Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi a littafinsa na taurari wajen shekarar 964, ya siffanta shi da ɗan gajimare. Turawa suna kiran sa Andromeda. Shekara fiye da 900 ba wanda ya san mene ne shi. A 1888 Isaac Roberts ya ɗauki hotonsa a Ingila, sai ga shi ya nannaɗe kamar gammo.

Mabuɗin ya fito ne daga hannun mace. Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a Harvard, aikinta duba allunan gilashi da aka ɗauko daga tashar Arequipa a kan duwatsun Peru. A 1912 ta nuna cewa akwai wasu taurari masu yin haske su dusashe a kan ƙa'ida, kuma tsawon kwanakin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. Wanda ya san ƙarfin fitila, ya kuma ga yadda ta dusashe a idonsa, zai iya faɗin nisanta. A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a cikin Andromeda, a hoton da ya ɗauka da madubi mai faɗin mita biyu da rabi a kan Dutsen Wilson. Lissafi ya nuna tabon ba a cikin taurarinmu yake ba. Wani garke ne daban, mai biliyoyin taurari, irin wanda rana take ciki. Masana suna kiran irinsa galaksi. Garken taurari ya fi zama daidai a bakin Bahaushe, balle ɗan Zangon Lome da ya tashi cikin cinikin shanu. A ma'aunin yau, hasken Andromeda yana yin shekara miliyan biyu da rabi a hanya kafin ya iso, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda.

Adabin Hausa bai yi nisa da wannan zance ba. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da ƙagaggen labarinsa na tafiya sararin samaniya, sunan da ya zaɓa masa kuwa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin da kakanni ke yi wa kirarin tsoro ya zama ƙofar yawon buɗe ido ga yaran makaranta.

Zuwa na biyu

Zangon Lome ya bunƙasa a ƙarƙashin Faransawa, ya kuma ci gaba bayan samun 'yancin kai a 1960. Garin ya girma ya haɗiye shi, unguwar da take bakin gari ta wayi gari a tsakiya, a kan ƙasa mai tsada. A 1977, zamanin Gnassingbé Eyadéma, aka rushe ta. Aka mayar da mutanenta wajen gari, kimanin kilomita 15 arewa, a yankin Togblekope kan hanyar Atakpame, a tsohon filin kuma manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Masanin halayyar al'umma Michel Agier ya yi bincike a cikinsu a wannan tsakani, littafinsa na 1983 ya bayyana yadda tsarin maigida da dillalansa da baƙinsa ya riƙe cinikin shanu da goro. Zango dai ya koma ma'anarsa ta asali: masaukin da ake tashi daga gare shi.

Shekara biyar bayan haka, ranar 16 ga Oktoba, 1982, David Jewitt da Edward Danielson suka hango tauraruwar Halley daga Dutsen Palomar, da madubi mai faɗin mita biyar, tana can bayan falakin Zuhal, saura fiye da shekara uku ta iso. Ba da allon gilashi suka kama ta ba. Sun yi amfani da ɗan guntun allon lantarki mai jin haske, CCD, kakan wanda ke cikin kyamarar kowace wayar hannu a yau. Gilashi yakan riƙe kaɗan ne ƙwarai daga hasken da ya faɗo masa, wannan kuwa yana riƙe mafi yawansa.

Ga mai kallo da ido, zuwan 1986 bai yi armashi ba. Lokacin da ta fi kusa da rana, 9 ga Fabrairu, tana bayan ranar ne daga inda duniya take, masana kuma suka ce an yi shekara dubu biyu ba ta zo a mummunan matsayi irin wannan ba. A Maris da Afrilu ta fito a samaniyar kudu, inda mazauna Lome suka fi Turawa damar ganinta, amma wutar lantarkin birni ta riga ta cinye duhun 1910. Dattijon da ya gan ta yana yaro, in Allah ya ja kwanansa, abin da jikokinsa za su nuna masa ɗan tabo ne, daga sabuwar unguwa. Kyamara ce ta ci ribar wannan zuwa. Ranar 14 ga Maris kumbon Turai mai suna Giotto ya wuce ta a tazarar kimanin kilomita 600, ya aiko da hoton kanta. Ashe dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura, tsawonsa wajen kilomita 15, faɗinsa 8, baƙi ƙirin kamar gawayi. Zafin rana ne ke fitar masa da tururi da ƙura, su ne wutsiyar, wadda kullum take juya wa rana baya, ko tauraruwar na zuwa ko tana komawa.

Dutsen Agu

Lome tana digiri shida ne kawai arewa da tsakiyar duniya. Wannan gata ne babba, domin kusan dukkan sama, ta arewa da ta kudu, tana wucewa ta kanta cikin shekara, abin da Heidelberg ba ta da shi. Sai dai abin da matsayi ya bayar, yanayi yana ƙwacewa. Damina tana kawo gajimare, teku tana kawo raɓa, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Tsawon Dutsen Agu mita 986 ne, hazo kuwa yakan tashi sama da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa manyan madubai na Afirka suka tafi inda tsawo ya haɗu da fari: Sutherland a Afirka ta Kudu, inda aka buɗe babban madubin SALT a 2005; Oukaïmeden a duwatsun Atlas na Maroko, sama da mita 2,700; Entoto a saman Adis Ababa, sama da mita 3,000. A ƙasashen da ake jin Hausa, duwatsun Bagazam na Azbin, masu tsawon mita 2,000 da 'yan kai, su ne suka fi kama da irin wuraren nan.

Amma hoton taurari ya daina zama na masu manyan madubai kaɗai. A watan Oktoba na 2024 tauraruwa mai wutsiya ta Tsuchinshan-ATLAS ta fito a yamma bayan magariba. Rabin sunanta na gidan duban taurari ne na ƙasar Sin, ma'anarsa dutse mai launin shunayya. Ɗaya rabin na wata kyamara ce mai gadin sama a Sutherland, wadda ta hango ta a Fabrairun 2023. Mutane a ƙasashe da dama sun ɗauki hotonta da wayar hannu. Kyamarar da ake saye a kasuwa yau, in an ɗora ta a kan ƙafa uku aka bar idonta a buɗe daƙiƙa goma ko ashirin, tana kama abin da Gill ya zauna fiye da awa guda yana jira. Abin da take bukata duhu ne, shi kuwa sai an bar Lome, an kama hanyar Kpalime, an hau Agu ta cikin gonakin koko da kofi, a daren da babu wata, a 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo. A lokacin Andromeda tana tsaye a arewa da farkon dare, Kaza da 'ya'yanta kuma suna tasowa daga gabas.

Ita kuwa tauraruwar Halley ta kai ƙurewar tafiyarta, can bayan falakin Neptune, a watan Disamba na 2023, ta juyo. Lissafi ya nuna za ta fi kusa da rana ranar 28 ga Yuli, 2061, wannan karon tana ɓangare ɗaya da duniya, saboda haka za ta fi ta 1986 haske sosai. Watan Yuli kuwa a kudancin Togo watan gajimare ne.